Bidiyon da Inna Ta Faɗi Sunansa

Gandi, Rabah
Ranar Asabar

Zuwa ga taubashina Hanif,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kai da Kawu da mutanen Wurno kuna lafiya. Ya shago, ya fama da wannan tsohuwar laftof taka mai tari kamar akuya?

Ga katin memori nan na naɗe a ƙyalle na ba direba Lauwali. Duk gaisuwar dangi da ka ce in ɗauko don fim ɗin walimar auren Yaya Bilyaminu da za a yi a Goronyo tana ciki. Amma zauna tukuna, don akwai babban labari.

Ka san Inna. Yaya Bilyaminu ɗan farinta ne, tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Wancan" take ce masa, in ta yi kirki ta ce "yayanku". Ko kallonsa ba ta yi in da mutane. Da na ce ta yi masa addu'a a gaban waya, harara na samu. Sai na ari sabuwar wayar maigidana Ja'afar, na saka katina, na jingine ta a jikin turmi, na zauna ina taya ta tsince wake. Na yi ta jan ta da hirar shekarar da aka haife shi, da girbin geron da naƙuda ta same ta a cikinsa. Tana cikin labari sai kawai ta ce, "Bilyaminu bai taɓa sa ni kuka ba. Allah shi yi mishi albarka."

Hanif, sunan nan ɓaro-ɓaro. Hawaye suka zo mini, na tashi da gudu na shige ɗaki don kada ta gani, sai can na dawo na ɗauke wayar. Ban ko kalla ba, Ja'afar na jiran abarsa zai bi motar albasa zuwa kudu. Na zare katina na mayar a ƙaramar wayata, ita kuwa ta ce ba ta san zancen ba, ta ƙi buɗe bidiyon.

Ka sa wannan a ƙarshen fim. Ina so in ga fuskar Yaya a gaban duk mutanen Goronyo.

Ka gaida Kawu da kyau.
Taubashiyarka, kuma uwar ɗakinka,
Sa'adiya

*

Wurno
Ranar Litinin

Zuwa ga Sa'adiya, baiwata,

Wa'alaikumus salam. Saƙo ya iso, Lauwali ya miƙo shi kamar wanda ya ɗauko ƙwai. Da na karanta abin da Goggo ta faɗa sai da na miƙe tsaye a shago, har mai ɗinkin da ke maƙwabtaka da ni ya leƙo yana tambaya ko kunama ce.

To, sai dai ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Duk bidiyon da kika ɗauka da ƙaramar wayarki sun shiga manhajar da nake haɗa fim lafiya lau. Na Goggo kaɗai ya ƙi. In na jawo shi, sai ta ce ba ta gane irinsa ba.

Ga dalili. Sababbin wayoyin nan suna matse bidiyo sosai don kada ya cinye wuri, kamar yadda kuke shanya kuɓewa ta ƙanƙance. Manhajata tsohuwa ce, ba ta san wannan sabon matsin ba. Fayil ɗin yana nan da ransa, nauyinsa ma ya fi na sauran, buɗe shi ne aiki.

Na sauya masa suna ko za ta ruɗu ta karɓa, ta ƙi. Na samo wata manhaja mai juya bidiyo, ta fara aiki, laftof ɗin ta yi zafi ta mutu a hanya. Ɗan guntun farkon da ya fito kuwa abin dariya ne, murya ta rabu da hoto: Goggo na buɗe baki, zakaranku na cara. Wani ya ce in kawo katin a saka a sabuwar wayarsa mu kalla, na ce a'a, maganar Goggo ba za ta kwana a wayar wani ba.

Walima saura mako guda. In da hali, ki lallaɓa ta ta maimaita a ƙaramar wayarki, mu riƙe a matsayin ko-ta-kwana.

Ki gaida Goggo.
Ubangidanki,
Hanif

*

Gandi
Ranar Laraba

Hanif,

Sallama da gaisuwa, amma a taƙaice, don raina a ɓace yake.

Ta maimaita? Kai ma ka san ka faɗa ne kawai. Duk da haka na gwada. Na kawo wake, na zauna daidai inda na zauna, na soma zancen girbi. Ta dube ni ta ce, "Ke, mi kike nema? Tashi ki ba ni wuri." Da na ce ai rannan ta ambaci sunan Yaya, sai ta ɗauki muciya. Ban tsaya ganin ko da gaske take ba.

Saboda haka wanda ke hannunka shi ke nan, babu wani a duniya. Na kira Ja'afar, ya ce babu komai a wayarsa, a katin ya sauka. Don Allah kada ka goge, kada ka bar laftof ɗin nan ta taɓa na ainihin. In ta yi zafi ka yi mata fifita, ai ka saba yi wa baƙi. Jiya ko abinci ban iya ci ba. Shekara talatin da wani abu Yaya yana jiran kalma ɗaya daga bakin matar nan, ga ta mun samu, a ce kuma na'ura ta hana? Ban yarda ba.

In ka buɗe shi, na yafe maka duk tsiyar da ka yi mini tun muna yara.

Sa'adiya

*

Wurno
Ranar Juma'a

Sa'adiya,

Assalamu alaikum. Ya buɗe! Ki yi guɗa, amma a hankali kada Goggo ta ji.

Na kwafi fayil ɗin wuri biyu kafin in taɓa komai, kamar yadda kika yi umarni. Kuskurena na farko shi ne na ce manhajar ta juya shi ta kuma sake matse shi, aiki biyu a lokaci guda, shi ya sa laftof ta shiɗe. Wannan karon na ce ta warware shi kawai, ta bar shi ya kumbura yadda yake so, ta kuma daidaita gudun hoton don murya ta daina tsere masa. Na ɗora laftof a kan bulo biyu, na juyo mata fankar shago, ni na zauna cikin gumi. Daga hantsi har bayan la'asar tana nishi. Abin da ya fito ya kusa cika mini fulash, amma ina jawo shi sai ga Goggo tangaran, har zanen tabarma ana gani.

Na ji sunan. Na maimaita wurin har na rasa adadi.

Amma akwai abin da ba ki sani ba, don kin gudu kin bar waya tana ɗauka. Bayan kin shige ɗaki, Goggo ta ajiye faifan wake, ta juyo ta kalli wayar nan ido cikin ido. Ashe tun farko ta san da ita. Ga abin da ta ce, na rubuta shi yadda ya fito:

"Na san abin ga na ɗauka. Bilyaminu, kai nika yi ma magana. Kunya ta hana ni hwaɗi, ba rashin so ba. Wagga magana taka ta kai ɗai, ban yarda a kai ta gaban taro ba."

Daga nan ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ci gaba da tsince wake a haka.

Don haka, uwar ɗakina, na saɓa miki. Ban sa shi a fim ɗin walima ba. A wurinsa na sa hoton Goggo tana tsince wake, babu murya. Cikakken kuwa na zuba shi a fulash dabam, zan damƙa wa ango hannu da hannu in an watse. In kina da ja, ki je ki yi da mai muciya.

Sai mun haɗu a Goronyo.
Hanif

*

Goronyo
Bayan biki

Zuwa ga ƙannena Sa'adiya da Hanif,

Assalamu alaikum. Na gode da ɗawainiya, mutane har yanzu suna zancen fim ɗin.

Na kalli ɗayan, ni kaɗai. Ban iya rubuta muku yadda na ji ba, sai dai na daɗe a zaune.

Shekaranjiya na je Gandi gaida Inna. Na durƙusa, ta kawar da kai kamar kullum, ta ce wa yaran gida, "Ku kawo ma wancan hura." Aka kawo, na karɓa na sha. Furar dai da hannunta ta dama.

Hanif, roƙo ɗaya. Ka yi mini shi ta yadda kowace irin na'ura za ta buɗe shi, tsohuwa da sabuwa, har wadda ba a ƙera ba tukuna. Ka ajiye ɗaya a wurinka, ka ba Sa'adiya ɗaya. Na san Inna, ba za ta ƙara faɗa ba.

Allah ya bar zumunci.
Yayanku,
Bilyaminu