Fiton da Ban Ji Ba

Jikwoyi, Abuja
4 ga Yuni

Zuwa ga matata Safiyatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da Nabilah. Yaya jikin Inna? Allah Ya ƙara mata sauƙi, ke kuma Ya ba ki ladan jinya. Ni ma lafiya lau, sai kewa. Tunda kuka tafi Bida ban ɗora abin da ya wuce ruwan shayi ba.

Na san kin ji haushi da ba na ɗaukar waya. Ki yi haƙuri, sifikar ce ta lalace. Shi ya sa na koma takarda, direban Bida zai riƙa miƙa miki.

Gareji na nan yadda kika bar shi. Kin tuna Oga Thaddeus, mutumin Filato da ya yi ritaya, wanda ya zo sunan Nabilah? Matarsa Madam Magdalena ce ciwon ƙoda ya kama, sau biyu a mako yake kai ta wankin ƙoda a asibitin Gwagwalada. Jiya ya kawo min motarsa mai dizal. In aka tashe ta daga tsaye aka taka totur, sai ta yi ta jan ciki kamar an ɗaura mata kaya a baya, tana zubar da baƙin hayaƙi. Sai injin ya hau sosai sannan ta farka ta fizga. Na canza filtar mai da ta iska, na ce ya je ya gwada. Shekara goma sha shida ba wanda ya buɗe masa bonet in ba ni ba.

Ki gaida Inna da Yaya Fadima. Ki ce wa Nabilah ta dage da hadda.

Naki,
Lukmanu

Jikwoyi
13 ga Yuni

Safiyatu,

Sallama da gaisuwa. Saƙonki ya iso, na gode Allah da Inna ta fara cin abinci. Yaya ƙafar tata da kumburin?

Motar Oga Thaddeus ta dawo, ba abin da ya canza. Na sa mata kwamfuta, ta nuna iskar da turbo, wato famfon da ke ƙara wa mota ƙarfi, ke turawa ba ta isa inji, amma ba ta faɗi inda take tsayawa ba. Na kwance bawul ɗin da ke mayar da hayaƙi, na tarar baƙar toka ta toshe rabinsa, na wanke shi tas. Na leƙa tiyoyin iska ta sama, ban ga komai ba.

Muna tsaye injin na aiki, Oga ya ce shi fa yana jin wani siririn fito duk sanda ya taka totur, har Madam ma ta ji daga kujerar baya. Na sunkuya na kara kunne. Safiyatu, ban ji komai ba. Sai na miƙe na ce ai kukan turbo ne, haka duk suke yi.

Yanzu zan gaya miki abin da na ɓoye. Wayata lafiyarta ƙalau. Kunnena ne. Wata takwas ke nan yana tafiya a hankali, na hagu ya riga ya tafi, na dama kuma sai ƙara mai kauri yake kamawa. Bakin mutane nake kallo ina haɗa magana. Kiran salla ma sai na ga an fara alwala. Kin san duk Jikwoyi da kunne aka san ni, mota na shigowa nake faɗin ciwonta kafin a kashe ta. In aka ji Lukmanu ya kurmance, wa zai sake kawo min aiki? Philip, bakaniken da ke jikin rumfata, taku biyar ne tsakaninmu. Na so in kira shi ya saurara min, amma ban kira shi ba.

Na zagaya unguwa da motar, na ga kamar ta ɗan yi sauƙi, ko kuma ni ne nake so ta yi. Na ce ya ci gaba da kai Madam, ya dawo min da ita ran Asabar mai zuwa.

Kada ki gaya wa Inna. Ki sa ni a addu'a.

Mijinki,
Lukmanu

Jikwoyi
22 ga Yuni

Safiyatu,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ni kam ban san me zan ce game da tawa ba.

Madam Magdalena ta rasu. Ran Alhamis da safe suna hanyar asibiti, Oga ya tsaya a mahaɗa zai hau babban titi. Ya hango tirela can nesa, ya ga zai wuce, ya taka. Motar ta shiga tsakiyar titi tana jan ciki. Tirelar ta same su ta gefen da Madam take zaune. Shi ya tsira da karaya a cinya da haƙarƙari.

Ran Asabar ɗin da na ce ya dawo, ni na je inda aka ajiye motar. Gaban bai taɓu ba. Na zura hannu ƙarƙashin babban tiyon da ke ɗauko iska daga turbo, wurin da ido ba ya kaiwa, yatsana ya shige cikin tsaga. Tsawonta bai kai ɗan yatsa ba, gefenta jiƙe da baƙin mai. Ta nan iskar ke gudu, ita ce ke fiton. Aikin minti goma ne, Safiyatu. Na zauna a ƙasa jikin tayar.

Jiya na je asibiti. Da ya gan ni ya miƙo hannu, har yana min godiyar zuwa. Na riƙe hannun na gaya masa komai: kunnen, fiton da ya faɗa min na ƙaryata, Philip da ban kira ba. Ya zare hannunsa a hankali. Ya daɗe yana kallon silin, hawaye na gangarowa cikin kunnensa. Sannan ya yi magana mai tsawo, muryarsa ƙasa ƙasa saboda haƙarƙarin, fuskarsa kuma tana wajen bango, ban ga bakinsa ba. Ko kalma ɗaya ban kama ba. Da ya gama ya juyo yana kallona, yana jiran amsa. Ban sani ba ko yafe min ya yi, ko Allah ya isa ya ja min. Na kasa ce masa ya maimaita. Na tashi na fito.

Na rufe gareji, na ba Philip motocin da suka rage. Za a kai gawar Madam gida Filato ran Juma'a.

In Yaya Fadima za ta iya riƙe Inna kwana biyu, don Allah ki zo. Ina so in koma wurinsa, ki tsaya kusa da gadon ki saurara min. Kome ya ce, ki gaya min yadda ya faɗe shi, kada ki rage min komai.

Ki gaida kowa. Wassalam.

Naki,
Lukmanu