Me Ake Ba Wanda Ba Ya Jin Yunwa?

Ku da za ku karanta wannan a wayoyinku, ina da tambaya kafin ku fara jin tausayina. A cikinku wa ya taɓa tsayawa hannu rabbana yana roƙon wanda ba ya bukatar kome a wurinsa, uwarsa kuwa tana ɗaki rai a hannun Allah? In ba ku taɓa ba, ku karanta ku yi shiru. Wasiƙar ba taku ba ce.

Zuwa ga mahaifiyata, Iya Talatu mai daddawa,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi, a cikin sunan Yesu Almasihu wanda kika bi har ƙarshen numfashinki. Ina fatan kin huta a inda kike. Nan gida lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Matata Saratu tana gaishe ki, cikinta ya shiga wata na bakwai. Ɗorawar bayan gida ta nuna bana, ba wanda ya kula ta. Matan Tarai har yanzu in sun gan ni a kasuwar Kibiya sai su ce miyarsu ba ta sake daɗi ba tun da kika tafi.

Bayan gaisuwa, Iya, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Baffa Nomau, wan Baba, ya aiko mini da wuƙar. Kin san wadda nake nufi, mai ƙotar ƙaho, wadda kakanninmu suke yanka wa iskar gidanmu da ita a gindin tsamiya tun kafin coci ta zo unguwarmu. Idonsa ya mutu, hannunsa yana rawa, 'ya'yansa duk sun musulunta sun koma Rano, ba mai karɓa. Ya ce ni ne magaji. Ya ce kafin a yi shuka sai an zubar da jini, in ba haka ba, wadda ta ɗauke ki ta riga ta sa wa cikin Saratu ido. Wuƙar tana kan bangon ɗakina a naɗe cikin tsumma, yau kwana tara. Ban karɓa ba, ban kuma mayar ba.

Kin san dalilin da ya sa ya zaɓe ni. Amma zan faɗa a gaban mutane, don na gaji da a riƙa faɗa a bayana.

Bari in fara da ke.

Rayuwarki duka wuta kika ciyar. Kalwa ba ta dahuwa da wasa. Na tashi ina ganinki kina tura itace ƙarƙashin tukunya tun safe har yamma, idonki ja, kina zagin ɗanyen icen da Baba ya saro. Kin sha ba ni labarin ranar da wani mai bishara ya tsaya a unguwarmu ya ba da labarin Annabi Musa da ɗan kurmin nan da yake ci da wuta amma bai ƙone ba. Maza suka yi dariya suka watse. Ke kika tsaya da muciya a hannu. Kika ce, "Duk wutar da na sani sai na ba ta itace. Da na ji akwai wadda take ci da kanta, na ce wannan ce ba za ta cinye ni ba."

Daga shekarar nan kika daina ba da kazarki a kai gindin tsamiya. Dangi suka yi miki ca. Amsarki ɗaya ce, har na haddace ta: "Abin da ake ciyarwa yana iya mutuwa da yunwa. Abin da yake iya mutuwa kuwa, ba shi ya yi ni ba."

Ba ki san ko baƙi ɗaya ba, amma kina da littafin waƙoƙi a cikin kwallarki, a naɗe da ɗankwali. Da shi na koya wa kaina karatu, tunda makaranta ba ta riƙe ni ba. Kina rera waƙa a bakin murhu, ni ina bin layin da yatsa, har bakinki da takardar suka haɗu a kaina. Doguwar kalma ta farko da na karanta da kaina ita ce Madawwami. Na zo ina tsalle na nuna miki. Kika duba takardar kamar kina ganewa, kika ce haka ne, kika ba ni ƙanzo.

Ranar na tambaye ki wa ya haifi Allah. Kika nuna mini duwatsun wajen Rurum da haɓa, kika ce, "Je ka tambaye su wa ya ɗora su. In sun faɗa maka, ka sani shi wannan ba wanda ya ɗora shi. Yana nan kawai."

Yana nan kawai. Da ina yaro maganar ta yi mini daɗi. Yanzu ita ce take hana ni sakat.

Bara da bazara ciwo ya kayar da ke. Muka kai ki asibiti a Rano, suka yi iyakar ƙoƙarinsu, suka ce mu koma gida. Matan coci suka yi azumi, suka cika tsakar gida da waƙa. Ni ma na yi addu'a, Iya, kada ki ce ban yi ba. Na durƙusa a bayan rumbu na yi alkawari iri-iri. Na ce zan daina zagin mutane. Na ce zan zama mai bishara in bi ƙauyuka da keke. Na ce a ɗauki idona ɗaya, a ɗauki shekara goma daga cikin nawa a ƙara miki. Ina cikin faɗa sai na ji kunyar kaina. Me zai yi da idona? Wanda ba shi da farko ba shi da ƙarshe, ina zai kai shekara goma? Kamar mutum ne ya je bakin teku da ludayin ruwa yana neman a yi musaya.

A nan ne Baffa Nomau ya same ni. Bai yi mini wa'azi ba. Cewa kawai ya yi Mai Tsamiya, haka muke kiran iskar don ba a faɗar sunanta, tana jin yunwar kasonki tun shekarar da kika hana. Ya ce ita ana iya magana da ita, tana karɓa tana saki.

Iya, da tsakar rana ne, kina barci. Na kama jan zakaranki na toshe masa baki. Kin san inda tsamiyar take, can bayan duwatsu, ba hanyar gonar kowa, ba hanyar rijiya, ko Fulani ba sa bi da shanu ta nan. Ganye ɗaya ba ya motsi. Baffa ya kira sunayen da ya kira, ya ɗaga wuƙar, hannunsa ya ƙi tsayawa, sai ya danƙa mini. Na yanka. Ƙasar ta shanye jinin nan take, kamar dama jira take yi.

Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba shi ne, na ji sanyi a raina. Wata biyu ina kallonki kina narkewa, ranar ce kaɗai na ji na yi wani abu. Na bayar, an karɓa.

Da na juya sai na ga Dattijo Ishaya, babban dattijon cocinmu, a tsaye a gefen dutse. Akwai buhu a hammatarsa, kuma wani abu yana motsi a cikin buhun. Muka haɗa ido. Ya juya ya koma ta inda ya fito.

Na wanke hannuna sau uku kafin in shigo wurinki. Washegari da safe na kawo miki koko, kika ce zakaran bai yi cara ba. Na ajiye kokon a gefen tabarmarki. Kika daɗe kina kallon rufin ɗaki. Na so ki zage ni, ki tsine mini ma, da ya fi mini sauƙi. Sai kika ce, "Ba laifi ba ne a ba mayunwaci abinci, Bulus. Amma kada ka kira shi Allah."

Bayan kwana uku kika tafi. Zakara ya tafi, ke ma kin tafi.

Ba mu gama karɓar gaisuwa ba Dattijo Ishaya ya miƙe a coci ya ce da idonsa ya gan ni a gindin tsamiya da wuƙa. Aka sa ni a horo. Shekara guda ke nan ina bencin baya, ana zagayowa da gurasar Jibin Ubangiji ana tsallake ni. Ba wanda ya tambaye shi me ya kai shi wurin da ba hanya. Ni ma ban tambaya ba, ni mai bakin da kika ce ya fi barkono, don laifina ya danne mini harshe. Baffa kuwa ya ce hannun da ya yanka sau ɗaya ya zama nasu. Coci ta ture ni baya, tsamiya ta miƙo hannu.

Kowa da ya zo ta'aziyya magana ɗaya ya kawo. Fasto ya ce Allah Madawwami ne, ba ya sakewa. Malam Habu na Tarai, wanda iyalinsa suke sayen daddawarki, ya zo har ƙofar gida ya zauna a tabarma, ya ce Allah wadatacce ne, kowa yana bukatarsa, shi ba ya bukatar kowa. Kamar sun haɗa baki. Sun ɗauka magani suke shafa mini, ba su san a kan gyambon suke taka ba.

Don na zauna na karanta Littafi Mai Tsarki daga bango zuwa bango, Iya, ina neman inda zan kama shi da bukata. Ban samu ba. Kafin duwatsu yana nan. Kafin a yi rana da za a ƙirga kwana da ita yana nan. Cocinmu mai benci bakwai in ta rushe gobe, ba abin da ya ragu a jikinsa. In duk Kiristocin Rano da Kibiya suka daina waƙa, ba zai rame ba. To ke fa? Da kika mutu ni na ragu, tsakar gida ta ragu, kasuwa ma ta ragu. Shi ko ƙwayar gero bai ragu ba? Wannan tambayar ce take bina gona, take bina wanka.

Sai dai akwai wuri ɗaya da nake komawa. Wanda ba ya jin yunwa ɗin nan ya zo ya zama mutum, ya gaji da tafiya, ya zauna a bakin rijiya ya roƙi wata mace ruwa. Ke kin fi son wannan labarin a kan duka. Kina cewa ba don rijiya ta fi ƙarfinsa ya roƙa ba, don matar ta samu dalilin tsayawa ne. Kina cewa ita Mai Tsamiya jininmu take nema, shi kuwa nasa ya kawo. In na karanta wurin nan sai in ji kamar na kusa ganewa. Sai Saratu ta ce wash ta dafa ciki, duk karatun ya zube.

Tsoro nake ji, Iya. Ba zan ɓoye miki ba. In rana ta take tsaka, gari ya yi tsit, nakan ji kamar fukafukai suna bugawa a kan bangon nan inda wuƙar take. Na san ba kome. Na duba. Amma jiya na kama kaina ina kallon baƙar akuyar Saratu ina auna ta da ido.

Na san Mai Tsamiya ba ta cece ki ba. Na sani sarai. Amma Baffa ya ce don an makara ne, kuma zakara ɗaya ba ya biyan yunwar shekaru. Ki ga yadda abin yake: in ta kashe, an makara; in ta bari, ta karɓa. Ba ta taɓa faɗuwa. Shi kuma naki Allahn ba ya ciniki, ba ya ba da dalili, yana nan kawai. Tsakaninsu ga ni, ga mace mai ciki wata bakwai, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas.

Tukunyarki tana nan a kife inda kika bar ta. Wani lokaci nakan ɗaga ta in sa kaina ciki, har yanzu akwai ɗan warin kalwa. Saratu ta ce in mace ce Talatu za a sa mata. Ina so ta zo ta same ni a inda kika bar ni, ba a gindin tsamiya ba. Ke kika tsaya ke kaɗai gaban dangi duka, da muciya kawai. Ban san daga ina kika samo wannan ba. Ba ki bar mini shi a cikin kwalla ba.

Ya Ubangiji Madawwami, wanda ba a haife shi daga kowa ba, ba a ciyar da shi, ba a ɗora shi a kan kome, ba ni da abin ba ka, ka kuma fi ni sani. Ka riƙe Iya a wurin da ba a tura itace. Ka sauki Saratu lafiya, ba don na biya ba. Ka riƙe hannun nan nawa, don yana rawa kamar na Baffa. A cikin sunan Yesu, amin.

Ki huta lafiya, Iyata.

Ɗanki mai taurin kai,
Bulus

Kai kuma Baba Ishaya, na san za a karanta maka wannan kafin rana ta faɗi. Ranar Lahadi zan zo da wuƙar nan coci, in kwance tsumman, in ajiye ta a kan tebur gaban kowa. Ka miƙe a inda ka miƙe bara, ka gaya wa jama'a abin da yake cikin buhun nan, da wanda yake kwance ba lafiya a gidanka a lokacin. Ba don in kunyata ka ba ne. Ina so in ji daga bakin babba cewa shi ma tsoro ya taɓa kai shi can, kuma ya dawo, in ji yadda aka yi ya dawo. In ka faɗa, zan bar wuƙar a nan, ka zo bencin baya mu zauna tare. In ka yi shiru, zan naɗe ta in fita da ita, kuma ka san inda za ka same ni da tsakar rana.

Ka ba ni amsa a gaban mutane.