Layin Nauyin Amaryata

Zuwa ga ɗana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka. Ya baƙunta?

Matarka tana samun sauƙi. 'Yarka kuwa, amaryata, da yake bakwaini ce, har yanzu tana cikin kwalba a asibiti. Likita ya ce sai ta kai giram dubu biyu za a sallame ta. Kullum in kai abinci da safe, in wuce shago, da yamma in ja gwiwoyina zuwa ajinmu na manya. Gajiya kam ta zame mini riga.

A ajin an koya mana lissafin miƙaƙƙen layi, y = mx + c. Ita c, inda layi ya faro. M kuma, abin da yake hawa ko sauka a kowane taki. Sai karambani ya sa na gwada da nauyin yarinyar. Ta zo da 1500, bayan mako guda ta koma 1400. Na samu y = −100x + 1500. Na ja layin da rula, ya yi ta gangarawa har ƙasa. Ban faɗa wa uwarka ba. Abinci ma ya ƙi shiga.

Ka dage da addu'a.

Mahaifinka.

Ɗana,

Bayan gaisuwa, ya jiki, ya aiki? Kada ka baro aikinka saboda wasiƙar tsoho.

Na nuna wa nas takardar lissafin, ta yi dariya har da riƙe ciki. Wai kowane jariri sai ya ɗan rame kafin ya kama nono. Malaminmu ya ce lissafina daidai ne, ni ne na yi gaggawa.

Na sake, da 1400 na makon farko da 1800 na mako na uku. Ɗari huɗu a raba biyu, m ta zama 200, c kuma 1200. Layin ya nuna za ta kai dubu biyu a mako na huɗu. Ban saki jiki ba. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu.

To, jiya, a mako na huɗun, aka sallamo ta! Na ɗora ta a cinya ina nuna mata layinta, sai ta tsula fitsari a kan littafin lissafin. Uwarka ta ce malama ce ta ba ni maki.

Bayana na ciwo, idona na ruwa, ban sani ba ko na gajiya ne ko na murna. Littafin yana can a igiya tare da kayanta. Haka zan kai wa malam gobe.

Kowa na gaishe ka.

Mahaifinka, angon 'yarka.