Ƙugiyar Karon Kawu Sale

Daren Talata, watan Sha'aban

Ƙugiyar da na ƙera wa karon Kawu Sale, wato keken dokinsa, ta saki sarƙa yau a gangaren tur'a, magudanar ruwan gonaki. Doki ya firgita, karo ya kife da auduga, Kawu ya tsira da targaɗe. Ya zo maƙera yana ɗingishi. Da ma zagina ya yi. Cewa kawai ya yi, "Ɗana, ƙirar ubanka ba ta taɓa kayar da ni ba."

Na gane laifina. Da ja nake gwada ƙugiya, ashe ba ja ke kwance ta ba. A gangare sarƙa ke yin sako-sako, ta fice ta baki. Sai na yi wa bakin harshe da ƙarfen ɗaurin auduga, mai komawa ya rufe da kansa. Harsuna biyu na farko na tsoma a ruwa, suka karye kamar kara. Na uku na tsoma a man riɗi, ya riƙe. Na yi ta danna shi har yatsana ya yi bororo.

Gobe Kawu zai kai matarsa Inna Hajo asibiti a garin Sinnar a karon, ta wannan gangaren. Na ce masa zan bi su, kuma a gaba zan zauna. In za ta sake saki, ta fara da ni.