Ku Mayar da Ni Tsamiyar Ruwa

Da sunan Allah nake farawa. Ni ne Babakura Lawan, tsohon direban tirela, mazaunin Yerimaram a nan Potiskum. Ƙafafuna sun kumbura, numfashina ya gajarta, amma kaina garau yake, kuma ba wanda ya zaunar da ni ya sa mini magana a baki. Wannan takarda taku ce ku uku: babbanku, wanda yau dole in kama sunansa, Yunusa, sai Rauda, sai autana Ikrama. Ku karanta ta a zaune wuri ɗaya, ba kowa a wayarsa ba.

Na ɗaya. Gado Allah ya riga ya raba, ba zan sa baki ba. Gidan nan da motar da Ikrama yake ja, ku kira malamin da ya san rabo, abin da ya ce shi ke nan. Ba mai bina bashi, waɗanda nake bi kuma na yafe. Ikrama, in motar ta faɗo a rabonka, ka daina hawa titi da suɗaɗɗiyar taya. Na gani, ciwo nake yi, ban makance ba.

Na biyu, kuma saboda shi na ɗauki biro. Ku mayar da ni Tsamiyar Ruwa, gidan Yunusa, tun ina da sauran numfashi. Ba gawata nake so a ɗauka ba. Na gaji da ganin ana jijjiga mamaci a hanyar Azare. Da raina nake so in je, in mutu a can, a haƙa mini kusa da mahaifiyarku.

Na san za ku yi mamaki, don ba wanda ya kai ni zagin garin nan. To ku saurara.

Mahaifiyarku Gumsu a bakin ruwa aka haife ta, can Baga. Na auro ta na kawo ta Potiskum, inda ruwa sai a rijiya ko a kurar 'yan garuwa. Ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba. Amma da damina, in kududdufin bayan gida ya cika, sai in tarar da ita tsaye tana kallonsa, tuwo na neman ƙonewa. Dariya nake yi mata. Da Yunusa ya sami aiki a Kano, ya ƙi zama cikin birni saboda yara, ya yi gini a ƙauyen nan na bakin dam, inda makaranta ke kusa, ba mota mai gudu, yara na yawo da keke har magariba ba mai fargaba. Ya zo ya kwashe mu, wai mu huta.

Wallahi a makon farko matar nan ta koma yarinya. Da sassafe tana bakin ruwa tana ciniki da masunta, tana faɗa musu sunan kifin da su kansu suka manta. Ta sa aka gina mata wurin banda a bayan kicin. Ta koya wa jikoki cire ƙaya da yatsa biyu. Ciwon gwiwar da ta shekara tana kuka da shi ban sake jin labarinsa ba. Ni kuwa kamar an ɗaure ni. Ba ƙarar mota, ba majalisa, ba mai shayi da zai ja ni da tsokana. Maƙwabta mutanen kirki ne, amma da safe sun shige birni, gaisuwa sai ta gilashin mota. Kullum da yamma takan shimfiɗa tabarma a gindin tsamiya ta kira ni in zauna mu kalli ruwa, ni kuma in ce me za a kalla a ruwa. Daga baya na tattara na dawo Potiskum, na ce mata in an ci kasuwar shanu zan koma. Kasuwa ta ci, wata ta sake ci, ban koma ba.

Kun san sauran. Ta kwanta da hantsi, kafin azahar ta rasu. Ni da Rauda muna kan gadar Jama'are aka bugo cewa an binne. Ban isa in canza kwanan da Allah ya rubuta mata ba, wannan na sani. Abin da ke cina shi ne tabarmar nan. Shekara da shekaru tana jirana in dawo daga Legas, in dawo daga Onica, ga shi lokacin da ba inda za ni, zama kawai ta nema, na kasa. Ina nadama, ba na ɓoye muku.

Na uku. Rauda, ki ji tsoron Allah ki ɗauki wayar yayanki. Tun ranar nan ba ki ce masa ci kanka ba, kina faɗa wa duk wanda ya zo gaisuwa wai an binne uwarki kamar baƙuwa, sahu ɗaya ma bai cika ba. Gaskiya ne bai cika ba. Masunta ne, da maigadi, da liman, da wasu tsofaffi. Da a nan ne, da sai an rufe titi daga Yerimaram har Hausari, kuma ni ma abin ya ƙona mini rai. Amma bazara ce, zafi kamar wuta, addini kuma bai ce a ajiye mamaci ana jiran mota ba. Kin taɓa tambayar wanda ya shiga kabarin ya karɓe ta? Shi kaɗai ne a cikin 'ya'yanta, ba uba a bayansa, ba ƙani. Zuciyar nan taki tawa ce, na san ta, ba ta kai ni ko'ina ba. Ke ce ƙarama, ke za ki fara zuwa.

Kai kuma Yunusa, wannan shiru-shirun naka ba haƙuri ba ne, taurin kai ne. Ƙanwarka ba ta ga fuskar uwarta ba, ka bar ta ta yi kukanta a gabanka ko da zagi ne. Sannan na ji kana neman dillali, wai ba ka iya kallon ruwan. Gidanka ne, da guminka ka gina, ba zan hana ka ba. Roƙonka nake yi. In ka tashi, wa ya rage a garin da ya san sunanta?

Na huɗu. A cikin abin da na bari, kafin a raba, a fitar da sulusi a kewaye makabartar Tsamiyar Ruwa. Da na je ziyara na ga sawun shanu a kan kaburbura, don ta nan suke bi zuwa shan ruwa. A bar musu hanya ta gefe, su ma ƙishirwa ce ta kawo su. Kuma akwai Joda, Bafulatanar da ke kawo nono gidan, ita ta yi wa mahaifiyarku wanka da ba a sami wata ba. Rauda, ki je har rugarsu da ƙafarki ki gode mata. Kada ki aika.

Na biyar. Abokaina na tasha za su taru a kanku, su ce ciwo ya taɓa mini kai, mutum ya bar garin da dubu za su sallace shi ya tafi inda ba a san shi ba. Ku ba su haƙuri, kada ku yi musu da su. Na san abin da nake bari. Ba jana'izar da ta wuce ni a garin nan in ina gida, kuma ba zan yi ƙarya ba, na sha kallon taron ina cewa Allah ya ba ni irinsa. Na haƙura. Waɗanda suka ishe ta sun ishe ni. In kuma ajali ya riga mota, ku binne ni inda na faɗi, kada ku wahalar da gawa, amma to ku ku riƙa kai mata ziyara.

Allah ya yi muku albarka, ya shirya muku zuriya, ya sa 'ya'yanku su yi muku fiye da yadda kuka yi mana. Na yafe muku duniya da lahira, ku ma ku yafe mini. Ku riƙe juna. Kowace Sallah ku haɗu a gida ɗaya, ku ci a kwano ɗaya, ko kuna fushi. Duk wanda ya yanke ɗan'uwansa bayan raina, ban yarda ba.

Ikrama, na riga na ɗaure jakata, tana bayan ƙofa. Ka nemo ƙaramar mota, ka biya Hausari ka ɗauko yayarka, a baya za ta zauna ta riƙe ni.

Mahaifinku,
Babakura Lawan