'Yar Farar Da Ke Cikin Littafin Awo

Zuwa ga Baban 'Yan Biyu,

Assalamu alaikum. Ya jiki, ya bayan naka? Ina fata gashin ƙashin da ka je yi a asibitin su Yayarka yana amfani. Yara lafiya lau, ɗayar ta yi wawulo tana ta nuna wa mutane. Gaisuwar ke nan, ba ni da wata.

Tunda Yaya ta ce likita ya hana ka riƙe waya, abin da ban taɓa ji ba a ciwon baya, ga takarda na ba mijinta, da yake motarsa tana biyowa ta nan duk Litinin da Alhamis.

Jiya ƙofar kabad ɗin kicin, wadda ka yi shekara kana ce mini "gobe", ta faɗo mini a ƙafa. Matar kafinta guda! Na buɗe akwatin kayan aikinka ina neman abin ɗaure ta, sai ga littafin awonka mai baƙin bango. Daga gaba tsawon ƙofofi ne da faɗin tagogi. Na baya kuwa bari in kwafo maka, ko ka manta rubutun hannunka:

"Litinin. Na neme ta sau uku kafin azahar."

"Laraba. Na rantse na rabu da ita. Da la'asar na koma."

"Asabar. In ba ita, ba na iya miƙewa. 'Yar fara, kin gama da ni."

'Yar fara! Sannu. Shekara tara ina gidanka da baƙar fatata, kana ce mini ita ka gani kake so, ashe daɗin baki ne. Lokacin da ka faɗo daga rufin ginin nan, wa ya yi wata uku yana juya ka a gado, yana sa maka takalmi? Ita farar tana ina? Wallahi na karanta shafi goma sha ɗaya a tsaye, ban ga inda aka ambace ni ko da kuskure ba.

Ka faɗa mini ko wace ce. Ka faɗa mini kuma ko wurinta ka tafi aka ce mini asibiti. In Alhamis ta zo ban ga amsa ba, zan kwashe yara mu tafi gidanmu, ka dawo ka karɓi makullinka a maƙwabta.

Ka huta lafiya, in kana iyawa.
Maman 'Yan Biyu

*

Maman 'Yan Biyu,

Wa alaikumus salam. Ki shafa mini kan yara. Ki yi haƙuri da rubutun, hannuna ne ba ya tsayawa.

Na yi dariya da na karanta takardarki, dariyar farko cikin kwana goma sha biyu, sai kuma kunya ta rufe ni. Ki ajiye akwatinki. Ba mace ba ce. Ƙwaya ce, 'yar ƙaramar farar nan ta kashe ciwo da aka rubuta mini bayan aikin da aka yi mini a baya. An ce in sha na sati shida. Yau shekara biyu ke nan.

Da farko don ciwo nake sha. Daga baya ko ciwon ya lafa, in ban sha ba sai jikina ya ƙi. Ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama shida. Da takardar likita ta ƙare sai na sami wani mutum da nake kira a waya. Dalilin karɓe wayar ke nan. Littafin kuwa, na kasa rubuta sunanta ne don kada yaran shago su gani, shi ya sa nake cewa "ita".

Ba gashin ƙashi kaɗai ya kawo ni ba. Likita yana rage mini ita kaɗan-kaɗan, ya ce yankewa lokaci guda haɗari ne. Yaya ce ke riƙe da makullin durowa, ta ba ni nawa da safe da yamma, ta tsaya a kaina sai na buɗe baki ta gani, kamar ɗan yaye. Tsakanin safe da yamma kuwa, kada Allah ya nuna miki. Gumi ina rawar sanyi, hamma har muƙamuƙi ya gaji, hanci na zuba, ciki na murɗawa. Ƙafafuna ba sa yarda su zauna wuri ɗaya. Shi kuma bayan yana nan inda na bar shi, ya ma ƙara ƙarfi, kamar ana buga ƙusa a ƙashi.

Ban faɗa miki ba don ban so ki gan ni haka. Ki yafe mini.

Naki,
Baban 'Yan Biyu

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da girmamawa, ya aiki, ya mai jiki? Allah ya saka da alheri bisa ɗawainiyar da kike yi.

Yaya, ki yi haƙuri, yau ƙanwarki za ta yi rashin kunya. Ya rubuto ya faɗa mini komai. Ya kamata in ji sanyi tunda ba mace ba ce, ko? To ban ji ba. Da mace ce, da na san ƙofar gidan da zan je in tsaya. Wannan kuwa tana cikin aljihunsa muna cin abinci, tana cikin aljihunsa yana wasa da yara, ni kuma ina ta murna wai mijina ya warke, ya koma aiki.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ke kin sani. Tun yaushe? Kika zauna a falona kika sha shayina, kika dube ni ido cikin ido kika ce gashin ƙashi. Na san ke kika goya shi, na san ke ma'aikaciyar jinya ce, ni ɗinkin kayan makaranta kawai na iya. Amma ni ce matarsa. In gumi ne ni ya kamata in share, in amai ne ni ya kamata in kwashe. Kin ɗauke mini miji a ranar da ya fi bukatata, kin bar mini ƙofar kabad.

Zan zo ranar Alhamis. Ki ce wa mijinki ya bar mini kujera a mota.

Ƙanwarki,
Maman 'Yan Biyu

*

Zuwa ga ƙanwata Maman 'Yan Biyu,

Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Takardarki ta iso, na karanta ta sau biyu, kuma ban yi fushi ba.

Na sani tun wata huɗu da suka wuce. Ba shi ya faɗa mini ba, ƙwayar idonsa na gani ta ƙanƙance kamar kan allura, ga gyangyaɗi ana cikin magana. Aikina ne in gane. Na tsare shi, ya yi kuka, ya roƙe ni kada ki ji. Na biye masa, kuma na yi kuskure. Ki yafe mini wannan.

Amma kada ki zo Alhamis. Ba hana ki mijinki nake yi ba. Ranar Laraba za a sake rage masa, kuma satin nan shi ne mafi wuya. Zai roƙa, zai yi rantsuwa, zai ce bayansa zai tsage, kuma ba ƙarya yake ba, ciwon gaskiya ne. Ni in ya roƙe ni nakan ce masa ni na wanke masa kashi yana jariri, ya rufe mini baki. Ke in ya dube ki da idon nan, anya za ki iya cewa a'a?

Ba zaune yake ba. Yana zagaya tsakar gida sau ashirin da safe, ina ƙirgawa. Yana gasa bayan da ruwan ɗumi, yana motsa jikin da aka koya masa yana zagin wanda ya ƙirƙiro shi. Jiya ya ci rabin faranti bai dawo da shi ba. Likita ya gaya masa gaskiya, ciwon ba zai tafi duka ba, koyon zama da shi zai yi.

Batun kishi da ni kuwa, ki kwantar da hankalinki. Duk motar da ta tsaya a ƙofa sai ya leƙa, kuma ba ni yake nema ba, tunda ina gabansa.

Yayarki

*

Maman 'Yan Biyu,

Salam. Ya gida, ya yara?

Zaman banza yana ƙara mini ciwo. Kujerun Yaya duk sun saki, ina so in gyara mata su, ko hannuna ya sami abin yi. Ki aiko mini da ƙaramar guduma da zarto, da gwangwanin ƙananan ƙusoshi, jan nan da ke ƙasan akwati. Shi nake so, ba shuɗin ba. Kada ki wahalar da kanki wajen buɗewa, murfin yana da taurin kai, in ya buɗu ba ya rufuwa. Ki naɗe shi a cikin rigata ki ba mijin Yaya, ya ba ni hannu da hannu. Ba sai Yaya ta sani ba, so nake in ba ta mamaki.

Na yi kewarki ƙwarai da gaske, hasken idona.

Naki har kullum,
Baban 'Yan Biyu

*

Baban 'Yan Biyu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya.

"Hasken idona." Shekara tara ban taɓa jin wannan a bakinka ba, sai ranar da kake son gwangwani. Daga nan na san da magana. Kai da za ka ce "miƙo mini abin can" ka bar ni ina lalube, yau har da launi, har da yadda za a naɗe.

Murfin ba shi da taurin kai ko kaɗan, da cokali na ɓalle shi. Na juye ƙusoshin a tire, ga ta nan a ƙasa cikin leda, kwance abinta. Yau dai na ga 'yar fara. Na ɗauki ɗaya na ɗora a tafin hannuna ina kallo. Wannan? Ko maɓallin rigar jariri ya fi ta girma. Wannan ce aka cika wa shafi goma sha ɗaya, aka yi wa rantsuwa, aka yi ƙarya dominta? Har ni za a aika in naɗe ta a rigar da na wanke na goge, in kai maka ita da hannuna? Wallahi na yi kuka, kukan baƙin ciki, har yara suka tsaya a ƙofa suna kallona.

Ba zan ɓoye maka ba, na kusa aikowa. Na tuna yadda kake cije leɓe in za ka tashi daga tabarma, na ce wace irin mace ce za ta hana mijinta sauƙi? Har na naɗe. Sai na tuna in na aiko, ita za ka yi wa godiya, ba ni ba. Ka kira shi kishi, shi ɗin ne, ban musa ba. Ni dai ba zan raba ka da kowa ba, ko mutum ko ƙwaya.

Ga guduma, ga zarto, ga ƙusoshinka a takarda. Ita kuwa na sa ta a ambulan na rubuta sunan Yaya, ta kai wa likita. Ka yi fushi yadda kake so. Na san bayanka yana ciwo, da ana karɓa da na karɓar maka rabi.

Na saka maka sabon littafi. Ka ci gaba da rubuta ta in hakan yana taimakonka. Amma in akwai ragowar wuri a ƙasan shafi, akwai wata baƙa a nan da ta ɗaura ƙofar kabad da kanta, a karkace.

Matarka,
Maman 'Yan Biyu

*

Maman 'Yan Biyu,

Salam. Sati biyu ban rubuto ba, fushi nake yi. Ga abin da ke shafin farko na sabon littafin, na kwafo miki.

"Alhamis. Na zage ta a zuciyata har la'asar. Baƙar nake nufi."

"Asabar. Kujera ɗaya ta tsaya da ƙafarta. Bayan yana ciwo. Ban mutu ba."

"Talata. Na tuna farar sau tara. Na tuna baƙar sau ɗaya, tun safe, har yanzu bai wuce ba."

Madubin ɗakinki, wanda na yi miki kafin ki tare. Ki zaro durowar hagu gaba ɗaya, ki danna katakon baya, zai buɗe. Ƙwayoyin suna nan a ciki, guda goma sha huɗu ne. Su ne na ƙarshe, kuma ko Yaya ba ta san da su ba. Ke kaɗai na faɗa wa.

Ki kawo mata su da hannunki ranar Alhamis. Na rame, kada ki tsorata.

Mijinki