Jakin da Ke Bayan Motar Ayaba

Zuwa ga yayata Ofelia,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar Mama? Yaya gidan burodi? Ni lafiya lau nake a nan birnin Cali. A garejin da nake fentin manyan motoci nake kwana. Tarin nan da nake yi kuma warin fenti ne kawai, kar ki faɗa wa Mama.

Na ga saƙonki. Wato Evaristo na hukumar gari ya zo da bokitin farar ƙasa ya shafe sunan marigayi Baba daga bangon shagonmu, wai doka ta hana rubutu a bangon tsohuwar unguwa? Evariston da Baba ya ciyar da shi burodi yana ɗan makaranta! Har da ce wa Mama, “Doña Amparo, ki yi haƙuri, doka ta fi ƙarfina.” To, madalla.

Bango dokarsu ta hana, ba ta ambaci mota ba. An kawo mini fentin motar ayabar nan da ke bi ta ƙofarmu kowace Asabar. A bayanta na zana jaki da gashin bakin Evaristo da hularsa, ya ciji bokiti. A sama na rubuta sunan Baba da manyan baƙaƙe. Direban ya yi dariya har da zama a ƙasa.

Ranar Asabar ki fito wa Mama da kujera bakin ƙofa, Allah ya ƙara mata lafiya. Shi kuwa Evaristo, in ya isa, ya ɗauko bokitinsa ya bi motar da gudu.

Ƙaninki,
Nicanor